Kwana Biyu a Tsohon Kurkukun Santanbul: Sharhi Kan Otal ɗin Four Seasons na Sultanahmet

Na daɗe ina zuwa Santanbul sarin kaya, kuma kamar yawancin 'yan kasuwarmu masaukina ba ya wuce unguwar Laleli, inda ƙananan otal-otal suke manne da shagunan tufafi da ofisoshin masu aika kaya. Ranar Juma'a ce kaɗai nake ajiye ciniki in hau jirgin taram in sauka a unguwar Sultanahmet domin salla, kuma a irin wannan fita ce idona ya fara sauka a kan wani gini mai launin rawaya a gefen babban masallacin Ayasofiya ta ɓangaren da ke gangarawa teku. Katangarsa doguwa ce, yana da hasumiyoyi a kusurwa, tagoginsa kuma an yi musu baka mai tsini. Da na tambaya sai aka ce mini otal ne na kamfanin Four Seasons, amma a da kurkuku ne. Wannan kalma ta ƙarshe ce ta kama ni, domin mahaifina, Allah Ya jiƙansa, gandiroba ne, a barikin ma'aikatan gidan yari na yi ƙuruciyata, kuma na san ƙarar mukulli a ƙofar ƙarfe tun kafin in san karatu. Saboda haka lokacin da maiɗakina ta raka ni wata tafiya, kuma na yi niyyar in kammala mata ziyarar da kwana biyu a wuri na musamman, ban yi dogon tunani ba kan inda za mu sauka.

Daga sabon filin jirgin saman Santanbul zuwa tsohon gari tafiya ce ta sama da kilomita 40, kuma idan aka faɗa cunkoson yamma ana iya shafe fiye da awa ɗaya a mota. Mu daga Laleli muka taso, tazarar da ba ta wuce tasha uku ko huɗu ta taram ba, amma saboda akwatuna muka tari tasi, direban kuwa ya ƙi kunna mita ya yanka mana kuɗin da ya ninka abin da ya kamata. Ina ambaton wannan ne domin wanda zai zo ya daidaita da direba tun kafin ya shiga, ko ya nemi otal ɗin ya aiko masa da mota. Titunan unguwar ƙanana ne, an shimfiɗa su da duwatsu, wasu kuma an hana mota bi, don haka jan akwati a kansu wahala ce ta gaske.

Sunan titin da otal ɗin yake shi ne Tevkifhane Sokak, wato titin gidan tsarewa, kuma lambar gidan ita ce 1. Ba a canja sunan titin ba, haka nan ba a kankare rubutun da ke saman babbar ƙofa ba. Rubutu ne da haruffan Larabci, irin Turkancin zamanin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, yana cewa nan ne gidan tsare masu manyan laifuffuka na Dersaadet, ɗaya daga cikin tsofaffin sunayen birnin, mai ma'anar Ƙofar Sa'ada, tare da shekarar 1337, wadda ta yi daidai da 1918 zuwa 1919. Tun 1928 Turkiyya ta bar rubutu da haruffan Larabci ta koma na boko, shi ya sa yawancin 'yan gari ke wucewa ta ƙarƙashin wannan rubutu ba tare da sun iya karanta shi ba. Wanda ya yi makarantar allo kuwa zai iya haɗa baƙaƙen, har ma ya tsinci kalmomin da ya sani, kamar jinaya da sa'ada. Na tsaya a wurin na haɗa su ɗaya bayan ɗaya, mai ɗaukar kaya yana jirana da haƙuri, kuma tun daga nan na ji cewa masu wurin ba su yi niyyar ɓoye mini inda na zo ba.

An gina kurkukun ne a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da daular take kan gargarar mutuwa kuma jiragen ruwan yaƙin ƙasashen da suka ci nasara suke jibge a mashigin Bosforus. An ajiye shi a nan ne saboda babbar kotun birnin tana maƙwabtaka da shi, kafin gobara ta cinye ta a 1933, ta yadda ake fito da masu jiran shari'a a taka da su 'yan taku kaɗan zuwa gaban alƙali. Ana danganta zanen ginin ga Mimar Kemaleddin, wanda hotonsa yake bayan takardar lira 20 ta yau, ɗaya daga cikin jagororin salon ginin da Turkawa suke kira salon ƙasa na farko. Manufar wannan salo ita ce a ɗauko bakan gizo mai tsini, da rufin da ke zarce bango, da tayil mai shuɗi da kore na masallatan kakanni, a ɗora su a kan gine-ginen gwamnati na zamani kamar gidan waya da ofisoshi. Abin da ya sa kurkukun ya iya zama otal ke nan ba tare da an sake masa fuska ba, domin tun asali an gina shi da ƙawa irin wadda ba a saba gani a gidan yari ba. Ya yi aiki har zuwa 1969, lokacin da aka kwashe fursunonin zuwa sabon kurkukun Sağmalcılar, sojoji suka sake amfani da shi na wani lokaci bayan juyin mulkin 1980, daga nan ya zauna kango har aka gyara shi aka buɗe shi a matsayin otal a 1996. An sake yi masa gagarumin gyara na ciki aka buɗe a 2022, kuma wannan sabuwar kamar ce muka tarar.

Ba ɓarayi da masu kisa kaɗai suka kwana a nan ba. Marubuta da 'yan jarida da dama da suka saɓa wa gwamnatocin zamaninsu sun shiga ta wannan ƙofa, cikinsu har da mawaƙi Nazım Hikmet, wanda aka yanke wa hukuncin shekara 28 a 1938, ya fito a 1950, ya rasu yana gudun hijira a Mosko a 1963. Kemal Tahir da Orhan Kemal da Aziz Nesin, waɗanda duk ɗan makarantar Turkiyya ya san sunayensu, su ma an tsare su a nan. Ga Baturke mai karatu, wannan gini yana da nauyin da baƙo ba zai ji ba sai an ba shi labari, kuma ina ganin ya kamata duk wanda zai biya kuɗin kwana a ciki ya san labarin kafin ya ajiye kansa a matashi.

Da zarar an wuce ƙofa, abu na farko da ake ji shi ne shiru. Dandalin Sultanahmet wuri ne da ba ya rabo da hayaniya, ga 'yan yawon buɗe ido rukuni-rukuni kowanne da jagoransa yana ɗaga tuta, ga masu gasa masara, ga masu tallar dardumai da ke bin mutum da gaisuwa a harsuna daban-daban har sai sun dace da nasa. Katangar da aka yi wa kauri domin kada na ciki ya fita ita ce yanzu take hana wannan hayaniya shiga. An karɓe mu a zaune, aka kawo mana abin sha mai sanyi, kuma kafin mu ƙarasa shi an gama cike takardu. Otal ɗin ƙarami ne, ɗakuna 65 ne kawai duka da manyan, kuma amfanin wannan ya bayyana tun daren farko, domin ma'aikatan da muka gamu da su a hanya sun riga sun san sunanmu da lambar ɗakinmu, ba sai mun maimaita ba.

Kada mai karatu ya ɗauka a ɗakin fursuna ake kwana. An sake tsara cikin ginin gaba ɗaya, kuma ɗakin da aka ba mu yalwatacce ne, rufinsa yana da tsawo, tagarsa mai baka tana kallon tsakar gida. Ba a cika shi da ƙyale-ƙyale ba. Launukan masu sanyi ne, an shimfiɗa darduma ƙirar ƙasar, an rataya zane ɗaya ko biyu a bango, banɗakin kuma duk mabul ne, da bahon wanka daban da wurin shawa daban. Gadon yana daga cikin mafi daɗin da na taɓa kwanciya a kai, ba mai lotsawa har baya ya ƙage ba, ba kuma mai tauri ba. Da na nemi dardumar salla aka kawo guda biyu nan take, wanda ya kawo kuma ya nuna mana alƙibla da hannunsa. Na roƙi a kwashe kwalaben giyar da ke cikin ƙaramin firij, kafin mu dawo daga cin abincin dare an kwashe an cike gurbin da ruwa da lemo. Shawarata ga mai kama ɗaki ita ce ya faɗi tun farko wace fuska yake so, domin ginin zagaye yake da tsakar gida, wasu ɗakuna suna kallon ciki, wasu suna kallon titi, kaɗan ne suke hango kubbar Ayasofiya ko teku, kuma bambancin kuɗinsu ba ƙarami ba ne. Na tsakar gida sun fi shiru, ni kuma su na fi so.

Tsakar gidan nan ita ce zuciyar wurin, kuma a nan na fi daɗewa. Filin da ake fito da fursunoni su sha iska ne aka mayar lambu, da furanni da bishiyoyi da teburan cin abinci, gidan abincin da ke cikinsa kuma sunansa Avlu, wato tsakar gida da Turkanci. Wanda bai san gidan yari ba zai ga lambu ne kawai mai kyau. Ni kuwa da na zauna da safe na ɗaga kai, sai na ga sama a yanke kusurwa huɗu, bango ya kewaye ta ko'ina, hasumiyar gadi tana tsaye a inda mai gadi zai ga kowane lungu, sai na gane tsarin nan take, domin irinsa na taso ina gani. Na tuna yadda mahaifina yake cewa a cikin yini duka babu lokacin da fursuna yake jira kamar lokacin fitowa fili, kuma babu lokacin da ya fi yi wa gandiroba nauyi kamar lokacin mayar da su. Mutanen da suka zaga wannan fili shekara da shekaru suna jin kiran salla daga manyan masallatan da ke bayan bango, suna jin kukan tsuntsayen teku da ƙahon jiragen ruwa, tekun yana kusa da su ƙwarai amma ba sa ganinsa. Ban iya shan shayina da sauri ba a wannan safiya.

Akwai wani ginshiƙin mabul a cikin ginin da aka bari yadda yake, wanda fursunoni suka kankare sunayensu da shekaru a jikinsa. Wani ma'aikaci ne ya kai mu da na tambaya. Rubutun ba mai zurfi ba ne, sai an matsa kusa an karkata kai yadda haske zai faɗa a kansa kafin a gan shi sosai, kuma ana gane cewa da ƙusa ko guntun ƙarfe aka yi shi, a hankali, cikin kwanaki masu yawa. Na ɗora yatsana a kan layin ina bi. Maiɗakina ta tsaya a bayana ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce, "Alhaji, wannan ma ɗan wata ne, uwarsa tana can tana jiransa." Na ce, "Haka ne, Hajiya." Muka yi musu addu'a muka wuce. A ganina barin wannan ginshiƙi shi ne abu mafi daraja da masu gyaran suka yi, ya fi mabul ɗin banɗaki da fitilun da aka rataya, domin goge shi aikin yini ɗaya ne da ba wanda zai tuhume su a kai, amma suka bar shi.

Batun abinci, karin kumallo ne ya fi burge ni. Turkawa ba sa wasa da abincin safe, kuma a nan an kai shi matuƙa. An jera zaitun baƙi da kore, da cuku iri-iri daga mai gishiri zuwa mai laushi, da tumatir da kokwamba, da burodin nan mai siffar zobe da aka barbaɗe da riɗi wanda suke kira simit. An kawo mana menemen, wato ƙwai da aka dafa cikin tumatir da tattasai, yana tafasa a ƙaramin kaskonsa, sai a riƙa dangwala da burodi. Abin da maiɗakina ta fi yabawa shi ne zuma da kaymak, man da ake kwashewa daga saman madara bayan an dafa ta a hankali, wanda ta ce ya tuna mata da saman kindirmo mai kyau amma ya fi shi kauri. Shayi kuwa baƙi ne, a ƙananan kofunan gilashi masu siririn ƙugu, kuma kofi ba ya ƙarewa sai an sake cika shi. Da dare mun ci naman rago da aka dafa har yana rabuwa da ƙashi, da gasasshen yalo da aka niƙa, da kifi daga tekun yankin. Girkin yana da tsabta da daidaito, sai dai wanda harshensa ya saba da yaji zai ji shi salam, domin abincin Santanbul ba ya dogara da barkono kamar na kudu maso gabashin ƙasar. Idan aka nemi dakakken barkononsu ana kawowa, kuma yana gyara lamarin. Kamar a kowane babban otal da ke karɓar baƙi daga ko'ina, yana da kyau Musulmi ya tambayi abin da aka sa a miya ko kayan zaƙi kafin ya ci. Mun tambaya, an kuma ba mu amsa dalla-dalla ba tare da ƙosawa ba.

A saman soro akwai wurin zama da suke kira Süreyya, sunan taurarin nan da Larabawa ke kira Surayya, mu kuma muke kira Kaza da 'Ya'yanta. Mun hau gab da magariba. Ayasofiya tana tsaye kusa ƙwarai, har mutum yana ganin layin tubalinta da manyan ginshiƙan da aka tokare ta da su, ginin da Sarkin Rumawa Justiniyan ya kammala a shekara ta 537 a matsayin coci, Sarkin Turkawa Sultan Muhammadu na Biyu ya mayar masallaci a 1453, aka mai da shi gidan tarihi a shekarun 1930, aka dawo da salla a cikinsa a 2020. A ɗaya gefen ga Masallacin Sultan Ahmad da hasumiyoyinsa shida, wanda aka fara ginawa a 1609, a bayansa kuma Tekun Marmara da jiragen dakon kaya suna jiran layin shiga Bosforus. Da lokaci ya yi sai ladanin masallaci ɗaya ya ɗaga murya da kabbara, ya yi shiru, na ɗayan ya amsa masa, haka suka riƙa karɓa-karɓa jumla bayan jumla har suka kai ƙarshe. Na sha jin wannan daga ƙasa a cikin taro, amma daga sama, a tsakanin muryoyin biyu, abin daban ne, har tsigar jikina ta tashi. Dole in faɗi cewa a wannan wuri ana sayar da giya, kuma wasu baƙin da ke kusa da mu ita suke sha. Ba wanda ya takura mana, mu ma shayi muka sha muka sauka muka tafi salla, amma wanda zama a irin wannan wuri zai dame shi ya sani tun kafin ya hau.

Babban abin da ake saya da kuɗin wannan otal, bayan shiru da hidima, shi ne kusanci. Da asuba na fita ni kaɗai, cikin minti biyar ina alwala a Ayasofiya. Dandalin da rana ba a samun wurin taka ƙafa a lokacin fayau yake, sai kyanwoyin gari da masu shara da tsirarun masallata. Tun farkon 2024 baƙi masu zuwa kallo suna biyan kuɗi su hau bene ta wata ƙofa daban, masu salla kuwa suna shiga ƙasa, kuma salla a ƙarƙashin wannan kubba kafin gari ya waye abu ne da mai kwana a nesa zai sha wahalar samu. Fadar Topkapı, inda aka adana kayan tarihi masu alfarma da ake dangantawa ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, kuma ake karatun Alƙur'ani a ɗakin ba yankewa, tana bayan Ayasofiya. Mun isa ƙofarta da ƙafa kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su fara sauke mutane. A lura cewa ana rufe ta ranar Talata. Tafkin ƙarƙashin ƙasa na Yerebatan mai ginshiƙai 336 shi ma tsallaken titi ne kawai. Ga mai tafiya da dattijo ko mai ciwon gwiwa wannan kusanci ba ƙaramin abu ba ne, domin ana iya fita awa biyu a dawo a huta, a sake fita bayan la'asar.

Akwai abubuwan da wannan wuri ba zai ba mutum ba, kuma yawancinsu daga yanayin ginin suka samo asali. Babu wurin ninkaya, domin gini ne na tarihi a cikin yankin da UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya tun 1985, ba a haƙa ƙasa yadda aka ga dama. Akwai wurin wankan tururi irin na Turkawa da wurin motsa jiki, amma ƙanana ne daidai girman gidan. Wanda ya zo da yara masu son guje-guje da wasan ruwa zai fi jin daɗin ɗan'uwan wannan otal da ke bakin Bosforus a unguwar Beşiktaş. Unguwar Sultanahmet kanta ta 'yan yawon buɗe ido ce, gidajen abincinta da shagunanta sun fi na sauran gari tsada, da dare kuma takan yi tsit da wuri. Ɗan kasuwar da aikinsa yake Laleli ko Merter ko Osmanbey, wanda zai wuni yana zaga shaguna ya dawo a gajiye ya kwanta, asarar kuɗi zai yi idan ya sauka a nan, domin ba zai zauna ya ci moriyar abin da ya biya ba.

Kuɗin kuwa mai yawa ne, babu amfanin a sassauta maganar. Kwana ɗaya a ƙaramin ɗaki yana cin ɗaruruwan yuro, a lokacin bazara da kaka kuma, lokacin da baƙi suka fi yawa, yana ƙara hawa. Abin da muka biya na kwana biyu ya fi abin da nake biya na mako biyu a masaukina na Laleli. A nan ne zuciyata ta kasu biyu, kuma har yanzu ban gama daidaita ta ba. Gidan da talaka da mai laifi da marubuci mai taurin kai suka shiga dole, yau jikokinsu ba za su iya kwana a ciki ba ko da sun so. Wasu Turkawa sun so a mayar da shi gidan tarihi ko cibiyar al'adu, kamar yadda aka yi da kurkukun Ulucanlar na Ankara da na Sinop, inda kowa zai sayi tikiti mai sauƙi ya shiga ya ga ɗakunan yadda suke. Wannan ra'ayi yana da hujja mai ƙarfi, kuma ina girmama shi. A ɗaya ɓangaren, na ga yadda tsofaffin gine-gine suke ƙarewa idan aka bar su ba mai kula, rufi ya fara yoyo, a sace ƙofofi da tagogi, bango ya tsage, wata rana a wayi gari an rushe. Wannan gini ya ɗanɗani irin wannan watsi kafin 1996, kuma kuɗin baƙi ne yake biyan mai gyaran tayil da mai fentin bango a yau. Ba kuma komai ne ya tafi daidai ba a tarihin wurin: a filin da ke manne da otal ɗin masu tonon tarihi sun gano ragowar Babbar Fadar sarakunan Rumawa, aka fara ƙarin gini a samansa domin faɗaɗa otal, jama'a da masana suka yi ca, kotu ta dakatar da aikin. A wannan shari'a ina tare da waɗanda suka hana, domin ɗakuna 65 sun isa, kuma ƙanƙantar gidan ita ce rabin kyansa.

Idan aka tambaye ni ko ya cancanci kuɗinsa, amsata ita ce ya cancanta ga wanda ya zo Santanbul domin tsohon gari, yake da hali, kuma yake son ya yi sallolinsa biyar a manyan masallatan nan ba tare da ya shiga mota ba. Ga masu sabon aure, ko ɗan da yake son ya huta da iyayensa bayan jinya ko a hanyar Umara, ban san wani masauki a birnin da ya haɗa natsuwa da kusanci kamar wannan ba, kuma kwana biyu ko uku sun wadatar. A kama ɗaki da wuri, domin ba su da yawa kuma suna cika. Wanda ba shi da halin kwana kuma ba a rufe masa ƙofa ba. Yana iya yin shiga mai kyau ya zo shan shayi ko cin abincin rana a tsakar gida, ya karanta rubutun saman ƙofa, ya roƙi ma'aikata su nuna masa ginshiƙin. Ni kaina haka na yi a tafiyata ta gaba, da na koma masaukina na Laleli: ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na biya ta Tevkifhane Sokak, na zauna a teburin da ke kusa da bango na sha shayi kofi biyu, sannan na koma tashar taram domin akwai kayan da zan auna kafin a rufe ofishin aikawa.